Yadda Ake Bin Sawun Makaɗan Jaz da Ba a Rubuta Sunansu a Faifai Ba

Duk wanda ya daɗe yana sauraren jaz na shekarun 1920 zai kai wata gaɓa da zai tsaya cak. Ana cikin kiɗa sai wani mai ƙaho ya fito shi kaɗai, ya yi busa ta daƙiƙa ashirin wadda za ta ratsa ka har ɓargo, sannan ya koma cikin taro. Ka duba faifan don ka san ko wane ne, sai ka tarar da sunan waƙa, sunan ƙungiya da sunan kamfani, shi ke nan. Mutumin da ya yi busar ba ya ko'ina. A wancan zamani a Amurka, yawancin makaɗan da ke bayan shugaban ƙungiya ana biyansu ladan aikin yini ne su kama gabansu, kamfani kuwa bai ga dalilin buga sunansu ba. Da yawa daga cikinsu baƙar fata ne daga New Orleans da Shikago da Niyok, waɗanda manyan jaridu ba su damu da su ba. Abin yana damuna ƙwarai, domin waɗannan mutane su suka ƙera kiɗan da duniya ke taƙama da shi yau, kuma a littattafai da yawa abin da aka rubuta a gurbin sunansu shi ne "ba a san shi ba".

Ana iya gano wasunsu, amma aikin yana da tsari. Babban kuskuren sabon shiga shi ne ya fara da kunne. Kunne shi ne shaida na ƙarshe da za ka kira. Kafin shi akwai faifan kansa, akwai takardu, akwai tambayar ko mutumin ma yana garin a ranar.

Fara da faifan, amma kada ka yarda da takardar tsakiyarsa

Faifan garmaho na lokacin yana juyawa kusan sau 78 a minti, kowane gefe na mai inci goma yana ɗaukar kiɗan kamar minti uku. Idan ba ka da shi a hannu, nemi hotonsa a intanet, masu tara faya-fayai suna saka hotuna masu kyau. Rubuta duk abin da ke jikin takardar da aka manna a tsakiya, harafi da harafi, ko da ka ga an yi kuskuren rubutu. Kuskuren ma shaida ne.

Sai dai takardar nan tana yaudara ta hanyoyi da dama. Sunan da ke ƙarƙashin sunan waƙa, da ƙananan haruffa, na wanda ya tsara waƙar ne, ba lallai ne yana cikin masu kiɗan ba. Sunan ƙungiya kuma sau da yawa na aro ne, kuma ruwa ba ya tsami banza. Duke Ellington ya yi faya-fayai da sunan Jungle Band a kamfanin Brunswick, da Harlem Footwarmers a OKeh, saboda yarjejeniyarsa da kamfanin Victor. Louis Armstrong, shahararren mai busa ƙaho, yana ƙarƙashin OKeh a watan Mayun 1926 lokacin da shi da mutanensa suka shiga Vocalion, faifan ya fito da sunan Lill's Hot Shots, wato an laƙaba wa matarsa Lil. Eddie Lang, farar fata ɗan asalin Italiya daga Philadelphia, da ya yi kiɗan jita tare da Lonnie Johnson wanda baƙi ne, sai OKeh ta rubuta Blind Willie Dunn a madadin sunansa, domin an yi faifan ne don kasuwar baƙar fata kuma haɗuwar fari da baƙi a faifai ɗaya ba abu ba ne da ake son bayyanawa. Kamfanin Gennett kuma yakan sake fitar da kiɗa ɗaya a kan tambari mai araha irin su Champion da sabon suna na boge.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na Kid Ory. A Los Angeles, wajen 1922, ƙungiyarsa ta yi faifai a ƙaramin kamfanin Nordskog, faifan da ake lissafawa a matsayin na farko daga baƙaƙen makaɗan jaz na New Orleans. Takardar Nordskog ta kira su Spikes' Seven Pods of Pepper, da sunan 'yan'uwan nan Spikes masu shagon sayar da faya-fayai. Su kuma 'yan'uwan suka buga tasu takarda mai tambarin Sunshine, mai ɗauke da sunan Ory, suka manna a kan ta farko. Faifai ɗaya, takarda biyu, ɗaya a kan ɗaya.

Lambar uwar faifai

A nan aikin gaske yake farawa, don haka zan ɗan daɗe.

Kowane faifai yana da lamba iri biyu. Ta farko ita ce babba da ke jikin takarda, lambar kasuwa, wadda mai shago ke yin oda da ita. Ba ta gaya maka ranar da aka yi kiɗan, domin ana iya haɗa kiɗan watan Janairu da na watan Yuni a gaba da bayan faifai ɗaya. Ta biyu ita ce wadda aka bai wa kakin da aka yanka sautin a kai a ɗakin ɗauka, wato uwar da aka buga sauran faya-fayan daga jikinta. Wannan lambar galibi tana cikin santsin filin da ke tsakanin ƙarshen layukan sauti da takardar tsakiya. Riƙe faifan da tafukan hannu biyu ta gefensa, ka karkata shi a ƙarƙashin fitila har haske ya kwanta a kansa a kaikaice. Za ka ga lambobin sun taso, wasu an buga su da hatimi, wasu an karce su da hannu, wani lokaci rabinsu ya shige ƙarƙashin takarda sai ka shafa da yatsa ka ji tudunsu. Idan da hoto kake aiki, roƙi mai faifan ya ɗauki wannan wurin da haske daga gefe.

Bayan lambar akwai alamar ɗauka. Makaɗa sukan maimaita waƙa sau biyu ko uku a rana ɗaya, kowace maimaitawa da alamarta. OKeh tana sa harafi, A ko B. Gennett tana barin ta farko ba harafi, ta biyu A, ta uku B. Victor lamba take sawa, kuma a yawancin faya-fayanta na shekarun 1920 lambar ɗaukar kaɗai za ka gani a gefen hagu na takarda, lambar uwar kuwa sai a rajistarta. Wannan yana da muhimmanci domin mutum biyu suna iya shafe wata guda suna gardama a kan busa, ashe kowa ɗauka dabam yake saurare.

Duba kuma ko akwai alamar lantarki. Har zuwa 1925 ana ɗaukar sauti ne ta wani babban mazurari, makaɗa su jeru gabansa, ƙarfin sautinsu kaɗai ke motsa allurar da ke yanka kaki. A 1925 Victor da Columbia suka koma amfani da makirfo. Victor takan buga haruffan VE cikin ɗan da'ira, Columbia kuma W. Da ka gan su ka san kiɗan bai riga 1925 ba.

Amfanin lambar uwa mafi girma shi ne maƙwabtanta. Ana ba da lambobin ne bi da bi, saboda haka waɗanda ke jere da juna yawanci a yini ɗaya kuma a ɗaki ɗaya aka yi su. A ce kana neman masu kiɗan da suka raka wata mawaƙiyar buluz, wato wani salon waƙa na baƙar fatan Amurka, takarda ba ta ce komai ba sai "da rakiyar makaɗa". Duba lamba biyu kafin tata da biyu bayanta. Idan na wata sananniyar ƙungiya ne, akwai kyakkyawan zato cewa su ne suka tsaya suka raka ta. Haka ya faru a zaman Ory da na ambata, ƙungiyar ta kuma raka mawaƙa mata biyu, Roberta Dudley da Ruth Lee. Zato ne mai ƙarfi, amma bai kai hukunci ba, domin wani lokaci ƙungiya ɗaya ta fita da hantsi, wata ta shigo da azahar.

Takardun kamfani da kundayen masu bincike

Da lambar uwa a hannu sai ka nemi abin da kamfani ya rubuta. Sa'arka ta dogara ga kamfanin. Rajistar Victor ta tsira, tana ba da rana, gari, yawan ɗauka, wadda aka fitar da wadda aka lalata, da jerin kayan kiɗa. Sau da yawa dai ba ta ba da sunaye, sai ta ce konet (wani irin ƙaho) biyu, turombon ɗaya, fiyano, banjo. Ko wannan kaɗai ya isa ya rushe gardama, idan kana jin mai kilarinet biyu rajista kuwa ta ce ɗaya. Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ta zuba irin waɗannan bayanai a intanet kyauta, a rumbun da ake kira DAHR, kuma ɗakin karatu na Majalisar Amurka ya buɗe National Jukebox a 2011 inda ake sauraren dubban tsofaffin faya-fayai. Gennett, wadda ɗakin ɗaukarta a Richmond ta jihar Indiana yake dab da layin dogo har sai an dakata idan jirgi zai wuce, ita ma rajistarta ta tsira. Paramount ta Wisconsin kuwa, wadda ta ɗauki manyan mawaƙan buluz, yawancin takardunta sun salwanta, shi ya sa ranakun faya-fayanta da yawa kintace ne.

Daga nan sai kundayen faya-fayai. Charles Delaunay ya fitar da nasa a Faransa a 1936, Brian Rust ɗan Ingila ya fara fitar da babban kundinsa a 1961, kuma har yau kusan kowa daga gare shi yake farawa. Koyi karanta alamominsu. Suna kai tsaye dabam, suna mai alamar tambaya dabam, "mai yiwuwa" dabam. Abin da ke faruwa shi ne wani ya kwafi layin ya zubar da alamar tambayar, na bayansa ya kwafa daga gare shi, kafin shekara ashirin zato ya zama gaskiyar da kowa ya sani. Idan ka ga shafuka goma sun yarda a kan suna ɗaya, tambayi kanka ko shaidu goma ne, ko kuwa shaida ɗaya aka maimaita sau goma. Kuma nemi bugu na baya-bayan nan, domin masu kundin kansu sun yi ta gyara.

Yana garin kuwa?

Wannan mataki gajere ne amma yana zubar da rabin sunayen da ake zato. Armstrong ya bar Shikago a ƙarshen 1924 ya shiga ƙungiyar Fletcher Henderson a Niyok, bai koma ba sai Nuwamban 1925. Sidney Bechet ya hau jirgin ruwa zuwa Faransa a watan Satumban 1925 tare da tawagar da Josephine Baker ke ciki, saboda haka faifan da aka yi a Niyok a 1926, komai kamar busar da tasa, ba shi ba ne. Da ɗan gari akan ci gari: jaridun baƙar fata irin su Chicago Defender da Pittsburgh Courier da New York Age suna buga labarin wace ƙungiya ke wasa a wane zaure, wani lokaci har da sunayen membobinta. Akwai kuma takardun ƙidayar jama'a ta 1920 da 1930, katunan rajistar soja na 1917 da 1918, da jerin fasinjojin jiragen ruwa.

Abin da tsofaffi suka tuna

Tun daga 1958 rumbun jaz na Jami'ar Tulane a New Orleans ya shiga naɗar hira da tsofaffin makaɗa, William Russell ne ya fara jagorantarsa. Hirarrakin nan dukiya ce, ina kuma girmama masu su. Amma mutum ne ake tambaya abin da ya faru a wani hantsi shekara talatin da biyar da suka wuce, a cikin ɗaruruwan irinsa. Dubi "Crazy Blues" na Mamie Smith, wanda OKeh ta ɗauka ran 10 ga Agusta, 1920, faifan da ya buɗe wa mawaƙan baƙar fata ƙofar kasuwa. Perry Bradford da ya tsara waƙar ya ce shi ya kaɗa fiyano. Willie "The Lion" Smith shi ma ya ce shi ne. Dukansu suna kusa da al'amarin, kuma kujerar fiyano ɗaya ce. Idan ka samu irin wannan shaida, duba ko an kunna wa mutumin faifan kafin ya yi magana, ko mai tambaya ne ya fara jefa masa sunan, da kuma ko yana da wata riba a amsar. Na fi yarda da makaɗin da ya ji faifai ya ce "wannan ba ni ba ne" a kan wanda ya ce "ni ne".

Yanzu sai kunne

Kafin ka saurara, gyara sautin. Idan faifan gaske ne, ana bukatar allura mai kauri ta faifan 78, domin siririyar allurar faifan zamani tana nutsewa ƙasan layi ta kwaso ƙara. Kada ka kuskura ka goge shi da sifirit, yana narkar da shalak ɗin da aka yi shi da shi. Sannan saurin juyawa. Lambar 78 ɗin nan ba kowa ya bi ta daidai ba, akwai waɗanda aka yanka a 76, akwai a 80. Tsakanin 78 da 80 bambancin kamar kashi 2.5 ne cikin 100, alhali rabin matakin sauti, wato tazarar da ke tsakanin maɓallan fiyano biyu da ke dab da juna, kusan kashi 6 ne, amma ko wannan ɗan bambanci yana sa ƙaho ya yi siriri, karkarwar sautinsa ta yi sauri, mutum ya koma kamar wani. Har "Cornet Chop Suey" na Armstrong, na 26 ga Fabrairu, 1926, masana sun daɗe suna gardamar a kan wane mataki aka busa shi. Idan hakan ta faru da faifan da aka san mai shi, ina ga wanda ba a sani ba?

Tuna kuma abin da mazurari ke yi wa sauti. Yana haɗiye na ƙasa da na can sama, ya bar tsakiya. A faya-fayan King Oliver na Afrilun 1923 a Gennett, mai gangarsa Baby Dodds ya fi dogara ga ƙwanƙwasa katako, domin babbar ganga tana iya sa allura ta yi tsalle. Saboda haka kada ka gwada faifan mazurari da na makirfo kai tsaye ka ce sautin ya bambanta.

Ga yadda nake yi. Nakan yanke wurin busar da ake tababa, ko da daƙiƙa goma sha biyar ce, in ajiye. Sai in tara busa huɗu ko biyar na wanda ake zato, waɗanda takarda ta tabbatar, daga shekara ɗaya ko kusa. Sai kuma in tara na abokan takararsa, wannan shi ne abin da mutane ke tsallakewa. Ina sauraren abubuwa ƙanana: yadda yake kama sauti, da duka ko da lallaɓawa, ko karkarwar tana farawa tun daga farko ko sai a wutsiyar sauti, inda yake numfashi, ko yana gaban bugu ko yana jan ƙafa a bayansa, irin abin da yake toshe bakin ƙaho da shi, da 'yan jimlolin da hannunsa ke komawa gare su ba da saninsa ba. Duk wanda ya tashi da kaset ɗin Mamman Shata ya san ana iya gane hannun mai kalangu ko ba a faɗi sunansa ba. Wannan ma haka ne, sai dai ana son a iya faɗin abin da aka ji dalla-dalla. Daga ƙarshe sai in ba wani ya cakuɗa guntayen ya kunna mini ba tare da na san wanne ne wanne ba. Idan ban iya rarrabe waɗanda aka tabbatar ba, to ba ni da bakin magana a kan wanda ake tababa.

Na koyi wannan ne da wuya. Da na fara jin "Perdido Street Blues" na New Orleans Wanderers, wanda Columbia ta ɗauka a Shikago a Yulin 1926, na ga Kid Ory, Johnny Dodds, Johnny St. Cyr da Lil Armstrong duk suna ciki, mutanen Armstrong ke nan cur. Na zauna da dare da abin saurare a kunne, na maimaita sau ba adadi, kuma kowane karo Armstrong nake ji, domin shi na sa rai in ji. George Mitchell ne. Sai da na jera shi da busarsa a faya-fayan Jelly Roll Morton na Satumban wannan shekara a Victor na ji abin da ke gabana tun farko: sauti mai tsabta, mai kamewa, ba ya hawa can sama ya yi ta shawagi kamar Armstrong. Abin ya yi mini ciwo, domin na ƙwace wa mutum aikinsa na ba wanda ba ya bukata.

Kama da wane ba ta wane, kuma a jaz na farko kamar ma da gangan ake nemanta. Shugaban ƙungiya Paul Whiteman ya ɗauki Andy Secrest ne saboda busarsa ta yi kama da ta Bix Beiderbecke, lokacin da lafiyar Bix ta fara taɓarɓarewa. Ran 17 ga Afrilu, 1929, su biyun suna cikin zaman Frankie Trumbauer a OKeh, kuma a "Baby Won't You Please Come Home" an shafe shekaru ana jayayya a kan wa ya busa wane sashe. A nan an san sunayen kowa, an san rana, an san ɗaki, duk da haka tambayar ba ta mutu ba. Haka King Oliver: da ciwon dasashi ya ci ƙarfinsa, faya-fayan Victor na 1929 da 1930 sun ci gaba da fita da sunansa, amma a zaman farko na Janairun 1929 Louis Metcalf ne ya yi busar, daga baya kuma Dave Nelson, wani dangin Oliver, ya ɗauki kaso mai yawa. Sunan shugaba a takarda bai nuna ƙahonsa kake ji ba.

Rubuta abin da ka samu

Buɗe wa kowane gefen faifai katinsa, a takarda ko a kwamfuta. Sa lambar uwa da alamar ɗauka a sama, sai rana da gari, sai duk tambarin da kiɗan ya fito a kai da sunan da aka yi amfani da shi. A gaban kowane makaɗi rubuta inda sunan ya fito: rajistar kamfani, jarida, bakin wanda ya halarta, ko kunnenka. Ware su mataki uku, tabbas, zato mai ƙarfi, da zato kawai, kuma kada ka ɗaga suna zuwa matakin farko da shaidar kunne kaɗai, ko da kunnen babban masani ne. Rubuta waɗanda ka cire da dalilin cire su, domin wanda zai zo bayanka kada ya sake bin hanyar da ka riga ka tarar a toshe.

Idan duk ka bi matakan nan sunan bai fito ba, rubuta "ba a san shi ba", sannan ka ƙara abin da ka ji: konet mai toshe baki, yana shiga a minti ɗaya da daƙiƙa arba'in, yana jan ƙafa a bayan bugu, da alama shi ne kuma a lambar uwa ta gaba. Ta irin wannan bayani ake gane cewa baƙon da ke faifai uku dabam-dabam mutum ɗaya ne, kuma ranar da wani ya ci karo da jerin sunayen ƙungiyar a tsohuwar jaridar Shikago, katinka ne zai nuna masa kujerar da sunan zai zauna.